Tambaya da Amsa: Me zan samu a kwas ɗin akanta na kyauta da ake yi ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Na gama sakandare shekara uku ke nan, ban samu wucewa gaba ba, ina taya Baba harkar sayen riɗi da zoɓo. Ni ke riƙe da littafi, amma gaskiya sunaye ne da lambobi kawai: wane ya kawo kwano kaza, wane muna binsa kaza. Wani abokina ya ce ana koyar da ilimin akanta kyauta a intanet. Da gaske kyauta ne? Me ake koyarwa? Waya kaɗai za ta isa? Kuma takardar da za su ba ni tana samo aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa kasuwar Baba albarka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don na san ita ke ci maka tuwo a ƙwarya. Takardar kammala kwas ɗin farko na kyauta ba za ta sa a kira ka akanta ba, kuma da wuya wata ma'aikata ta ɗauke ka saboda ita kaɗai. A Najeriya ƙwararren akanta shi ne wanda ya bi ta hannun ɗaya daga ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci: ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN, mai kwalejinta a kusa da Jos. ICAN tana da matakin farko da ake kira ATS, wanda mai sakamakon sakandare mai kyau, da Turanci da Lissafi a ciki, zai iya shiga. Akwai kuma difloma a kwalejojin kimiyya da fasaha, da digiri a jami'a, har da jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Duk waɗannan da kuɗi ake yi. Kwas ɗin kyauta ɗanɗano ne: ka lasa ka ji ko abin ya yi maka kafin Baba ya sayar da rago a biya kuɗin makaranta.

Batun kyauta kuwa, karatun kyauta ne, amma ba kowane wuri yake ba da takarda kyauta ba. OpenLearn, na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, yana ba da darussa da shaidar halarta ba tare da biyan ko kwabo ba. Khan Academy bidiyoyi ne kyauta, ba ruwansu da takarda. Alison za su bar ka ka yi karatun, sai ka zo karɓar satifiket su ce ka biya. Duk wanda ya turo maka saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin rajista ko lambar BVN don ya saka ka a kwas ɗin kyauta, ɗan damfara ne. Kuɗin da za ka kashe na gaskiya shi ne na data da na mai caji.

To, me ke ciki? Kusan dukkansu daga jumla ɗaya suke farawa: abin da kasuwanci ya mallaka daidai yake da bashin da ake binsa haɗe da jarin mai shi. Daga nan sai a koya maka cewa kowace hulɗa ana rubuta ta wuri biyu, inda kuɗin ko kayan ya fito da inda ya shiga. 'Yan kasuwar Italiya ne suka ƙago wannan hanya, wani malamin lissafi mai suna Luka Pacioli ya tattara ta ya buga a 1494. Sauran kwas ɗin duk rassan wannan ne: littafin yau da kullum, leja mai shafin kowane asusu, gwajin da ake yi a ga ko ɓangaren hagu da na dama na littafi sun daidaita, sai bayanin riba da asara, da takardar da ke nuna matsayin dukiya a ranar da aka rufe littafi.

Na san a rubuce haka abin ba ya shiga kai, don haka mu kai shi kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Farashin da zan sa na misali ne, kai ka fi ni sanin na bana. A ce Baba ya fito da jarin naira 700,000, ya sayi buhu 10 na riɗi a kan 100,000 kowanne. Ya biya 700,000, manoma suna binsa 300,000. Kun kai buhu 6 Dawanau kun sayar a kan 115,000, jimla 690,000, amma mai sayen ya ba da kuɗin buhu 4, wato 460,000, ya ce a jira shi da 230,000. Kuɗin mota da 'yan dako da la'ada sun ci 35,000. Da kuka dawo gida aka yi haihuwa, Baba ya zari 40,000 na hidimar suna.

Yanzu a aljihun Baba akwai 385,000. In ya tuna ya fita da 700,000, sai ransa ya ɓaci ya ce kasuwa ta karye. Wani kuma zai kalli 690,000 ya ce ai an kusa mayar da uwar kuɗi da buhu shida kacal, a yi ta shagali. Duka biyun sun ɓata hanya. Buhu shidan nan kun saye su 600,000, kun sayar 690,000, an cire ɗawainiya 35,000, riba 55,000 ce. Kuɗin suna ba ya cikin ɗawainiyar kasuwa, Baba ne ya ɗebi wani abu daga jarinsa, don haka jarin ya zama 700,000 a ƙara 55,000 a cire 40,000, wato 715,000. Ka duba ɗaya ɓangaren: kuɗi a hannu 385,000, buhu 4 a sito 400,000, bashin da kuke bi a Dawanau 230,000, jimla 1,015,000. Haɗa 715,000 da 300,000 na manoma. Ka ga sun yi daidai? In ka iya yin wannan da kanka a ƙarshen kwas, datarka ba ta tafi a banza ba.

Abu biyu ne a misalin nan da na ga sun kayar da 'yan kasuwa fiye da faɗuwar farashi. Na farko, ɗaukar kuɗin da ke hannu a matsayin riba, alhali daga cikin 385,000 ɗin nan 300,000 na manoma ne. Na biyu, haɗa aljihun gida da na kasuwa. Kwas zai ce maka kasuwanci daban, mai shi daban, cikin jumla ɗaya ya wuce. A ƙauyenmu kuwa wannan jumla ita ce mafi wuya, domin da cefane da kuɗin asibiti da gudummawar biki duk daga jaka ɗaya suke fita. Ba na cewa kada Baba ya ɗiba, dukiyarsa ce. A dai rubuta.

Akwai inda za ka yi tuntuɓe, gara in faɗa maka tun yanzu. Kalmomin debit da kiredit. Ka saba idan kuɗi sun shigo asusunka alat ya ce kiredit, in sun fita ya ce debit. A kwas za a ce maka kuɗin da suka shigo hannunka debit ne, sai ka ga kamar malamin ya rikice. Bai rikice ba. Banki daga nasa littafin yake turo maka saƙo, kuma a wurinsa ajiyarka bashi ce da kake binsa, shi ya sa yake rubuta ta a dama. Ka cire ma'anar samu da rashi daga kalmomin nan biyu. Debit hagu, kiredit dama, shi ke nan. Ni kaina sai da na yi wata guda ina kokawa da wannan, kuma a aji nake zaune ga malami a gabana.

Tun da na ambaci kaina, bari in ba ka wata dabara da ba kowane kwas ke kawowa ba. Ina sabon ma'aikaci a wani ofishin kuɗi, na kwana biyu ina neman naira 9 da ta hana littafi daidaita. Wani dattijo da ya kusa ritaya ya leƙo ya ce in bambancin yana rabuwa da 9, in nemi inda na juya lambobi. Ashe 54 na rubuta 45. Amma kada ka ɗauka in hagu da dama sun daidaita an gama. In ka sa bashin wannan manomi a shafin wancan, lissafi zai daidaita tsaf, rigima kuma tana nan tana jiranka ranar biya.

Misalan da za a ba ka na wata duniya ne: kamfani mai hannun jari, dala da fam, inshora, harajin Amurka ko Ingila. Ba wanda zai yi maka maganar kwano da tiya, ko riɗin da ke raguwa in an sheƙe an cire ƙasa da tsakuwa, ko kuɗin da ake ba manomi da damina ya biya da amfani a kaka. Dokar harajinsu kada ka ɗauke ta, tamu daban ce. Amma darasin raguwar darajar kayan aiki ka tsaya a kansa sosai. Babur ɗin da kuke zagaya ƙauyuka da shi yana cin riba a hankali ko bai lalace ba, in ba a ware masa wani abu duk wata ba, ranar da ya mutu jari za a taɓa. Za a kuma yi maganar kuɗin ruwa. Ka koyi yadda ake lissafa shi, sanin abu ba cin sa ba ne. Ballantana ma rubuta bashi an umarce mu da shi, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kansa take. Kuma in lokacin zakkar kasuwanci ya zo, ɗaya bisa arba'in ba ta fita daidai sai an san abin da ke sito da abin da ke hannun mutane.

Waya za ta isa wajen kallo da amsa tambayoyin gwaji. Turancin ne zai fi wahalar da kai, don haka ka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo, ka rage saurin maganar. Inda aka yarda a sauke darasi, ka sauke ranar da ka shiga Gujungu ko Ringim inda sabis ya fi ƙarfi. In an zo kan manhajar lissafi ta Excel waya tana takura, amma kada wannan ya tsayar da kai, littafi mai layi da rula da biro biyu sun wadatar. Kada ka yi rajista a wuri huɗu, ka ɗauki ɗaya. Masu farawa suna da yawa, masu gamawa kaɗan ne, don ba malamin da zai tsare ka da bulala. Rabin awa bayan sallar asuba ya fi awa biyar ranar Juma'a. Kuma ka fara kafin kaka, in riɗi ya fara fitowa ba za ka sami sukuni ba.

Saura Baba. Kada ka je masa da maganar cewa lissafinsa ba daidai ba ne, mutumin da ya riƙe kasuwa da ƙwaƙwalwa tun kafin a haife ka. Ka bar tsohon littafi yadda yake, ka sayi sabo ka riƙa rubuta hulɗar kowace Lahadi ta sabuwar hanya a gefe. Bayan kasuwa huɗu, wata rana bayan isha'i in ya natsu, ka karanta masa abu uku kawai: nawa ake binku, nawa kuke bi, buhu nawa ya rage. In lambobin suka ƙi daidaita, ka turo mini shafin ta wannan fili, ka rufe sunayen manoman tukuna, mu nemi inda ta ɓuya tare.