Idon zakara: suna, magani, guba da dafi

Allah gafarta Malam, an yi mini tsarabar abin hannu da aka jera da wasu ƙwayoyi jajaye masu ɗigon baƙi. An ce sunansu idon zakara, wai har magani ake yi da su. Sunan na Hausa ne? Tunda magani ne, ai ba laifi yaro ya yi wasa da shi ko?

Malama, kafin mu shiga zancen suna, ki cire abin hannun nan ki ajiye inda yaro ba zai kai ba.

Sunan Hausa ne tsantsa, kuma duk wanda ya taɓa duban idon zakara ba ya bukatar a yi masa sharhi. Ba mu kaɗai muka ga ido a jikin ƙwayar ba. Balarabe yana cewa ainud-dik, wato idon zakara ɗin dai sak, Bayarabe ya ga idon kyanwa, Ibo suka ga na tsuntsu, Bature ya ga na ƙaguwa. Masana tsirrai suna kiransa Abrus precatorius, kalmar ƙarshen kuwa Latin ce mai nufin abin addu'a, domin an daɗe ana jera shi a yi carbi. Tsiro ne mai yaɗo, dangin wake, idan kwansonsa ya bushe sai ya tsage ƙwayoyin su bayyana. Wasu suna kiran 'ya'yan minjirya da wannan suna saboda su ma jajaye ne, amma minjirya itaciya ce, kuma 'ya'yanta ba su da baƙin ɗigon.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne "tunda magani ne". Yaushe kalmar magani ta koma nufin abin da ba ya cutarwa? Muna cewa maganin ɓera, maganin sauro, maganin ƙwari, babu wanda ya taɓa zaton lafiyar ɓera ake nema. Karen bana shi ke maganin zomon bana, ai ba jinyarsa yake yi ba. Wanda ya ce "zan yi maganinka" ba asibiti zai kai ka ba. A Hausa magani shi ne abin da ya fi ƙarfin wani abu har ya kawar da shi, ko ciwo ne ko ɓarna ko taurin kai. Mutanen yanzu sun matse kalmar ta koma ƙwayar da likita ke rubutawa kawai, shi ya sa da sun ji an ce ana magani da abu sai hankalinsu ya kwanta. Mutanen da suka san tsirrai ba haka suke jin kalmar ba, su tsoro take ƙara musu.

Gaskiya ne an yi magani da shi a ƙasashe da dama. A Indiya, inda ake kiransa gunja, masu maganin gargajiya na Ayurbeda ba sa taɓa amfani da ƙwayar sai sun dafa ta cikin madarar shanu na tsawon sa'o'i, domin zafi yana karya ƙarfin gubar. A Brazil ana jiƙa ta a sa ruwan a idon mai amodari, har wani likitan ido a Faris mai suna Louis de Wecker ya shigar da dabarar cikin aikin asibitin Turai a 1882. Ruwan yana tayar da kumburi mai tsanani a ido, wai da nufin kumburin ya share cutar, amma ya lalata idanun wasu, daga baya aka daina. Maƙeran zinare na Indiya kuma sun mayar da ƙwayar ma'auni, suna kiranta ratti, nauyinta kimanin giram 0.12.

Gubar da ke ciki sunanta abirin, 'yar'uwar risin ce da ke cikin 'ya'yan zurma, kuma ta fi ta ƙarfi. Tana hana ƙwayoyin halittar jiki haɗa sinadarin furotin, sai su mutu. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, don haka wadda aka haɗiye a dunƙule takan fita yadda ta shiga. Wadda aka tauna ko aka huda kuwa wata magana ce, ƙwaya ɗaya tana iya kisa, kuma ta abin hannu ai hudajjiya ce. Alamun sukan yi jinkiri daga sa'o'i zuwa kwana 3, sannan amai da gudawa mai jini su taso, hanta da ƙoda su gaza. Har yau ba ta da makari. A 2011 sai da aka janye irin waɗannan abubuwan hannu daga kasuwa a Ingila, waɗanda aka yi a ƙasar Peru. Idan yaro ya sa a baki, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar ƙwayar, kada a jira a ga alama.

Malam, guba da dafi ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, ko da yake masu fassara labarai sun cakuɗa su har an fara jin "gubar maciji", abin da kunne ba ya so. Guba ta baki take shiga, a ci ko a sha. Dafi ta fata yake bi ya shiga jini: na maciji, na kunama, na kibiyar da maharbi ya shafa wa kwankwani. Shi ya sa ake cewa an sa masa guba a abinci, amma kunama ta zuba masa dafi. Sammu kuma daban ne, aikin asiri ne, ko da babu abin da aka haɗiya.

Idon zakara yana cikin abubuwan da suka cancanci sunayen biyu. Wanda ya tauna ya ci guba. Amma a Indiya a ƙarni na 19 an sha kama masu niƙa ƙwayar su kwaɓa, su murza ta kamar allura su shanya, sannan su soke shanun mutane da ita a ɓoye don su samu fatar. Wannan allura, da suke kira sui, dafi ce, kuma ta wannan hanya gubar ta fi saurin aiki. Mai huda ƙwayar da allura don jera carbi ma yana cikin irin wannan haɗari idan ya soki yatsa.

Mene ne jam'in idon zakara?

'Ya'yan idon zakara. "Idanun zakaru" na kaji ne.

Ranka ya daɗe, na ji an kira ɗan wasan da ya fi kowa "zakaran gwajin dafi". Daidai ne?

Ya yaɗu har ba zan ce a daina ba, amma ya kamata mai faɗa ya san abin da yake faɗa. Maharbi idan ya haɗa sabon dafi yakan gwada shi a jikin zakara ya ga ko ya yi ƙarfi. Zakaran nan ba gasa ya ci ba, shi aka fara jefawa cikin haɗari don a san gaskiyar abu. Saboda haka maganar ta fi dacewa da wanda aka fara gwada sabon tsari a kansa, ko lamarin da sakamakonsa zai nuna yadda saura za su kasance. An ji "zakara" ne aka ɗauka na gasa ake nufi, aka manta da "dafi". Misalin da ya dace ƙwarai shi ne ɓerayen Paul Ehrlich, wani likita mai bincike ɗan Jamus, wanda a 1891 ya riƙa ba su abirin da risin kaɗan-kaɗan har jikinsu ya koyi kare kansa, kuma ya gano cewa kariyar ɗaya ba ta aiki a kan ɗayar. Binciken garkuwar jiki ya ƙaru sosai da waɗannan ɓeraye.

"Ba duk abin da ke ƙyalli ne zinare ba" karin maganar Hausa ce?

Aro ce daga Turanci. Idan abu mai kyau da cutarwa ake nufi, muna da "kyan ɗan maciji", kuma ya fi dacewa da ƙwayar da muke magana a kanta.

Malam, wani ya ce ganyen idon zakara zaƙi gare shi, har ana taunawa don tari. To ina gubar?

Gaskiya ya faɗa, ganyen yana da zaƙi, kuma a Afirka da Asiya ana amfani da shi don tari da gyambon baki. Gubar a cikin ƙwayar ta taru. Matsalar ita ce suna ɗaya muke kiran tsiron da ganyen da ƙwayar, sai wani ya ji an ce "a jiƙa idon zakara a sha" ya je ya daka ƙwayoyin. Duk mai ba da irin wannan bayani wajibi ne ya faɗi ɓangaren da yake nufi, ganye ko saiwa ko 'ya'ya, mai karɓa kuma ya tambaya idan ba a faɗa ba. Mai tari ya ga likita ya fi masa, musamman mai ciki da ƙaramin yaro, domin wajen tsinkar ganyen ƙwaya tana iya biyo shi ba a lura ba.