Sikelin da ke Auna Kitse: A Saya ko a Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu shekararsa 76, yana fama da ciwon suga, kuma tun bayan Babbar Sallah muka lura rigunansa sun fara yi masa yawa. Ƙanena ya ga wani sikeli a intanet da ake haɗawa da waya, wai yana nuna kitse da tsoka da ruwan jiki. Mu haɗa kuɗi mu saya wa Baba? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. A gaskiya ni da za ku bi ta tawa, ku riƙe kuɗinku. Bari in faɗa miki yadda wannan sikelin yake aiki, sai ki ga dalilina.

A saman sikelin akwai wasu faifan ƙarfe da ake taka wa da tafin ƙafa, ba takalmi ba safa. Daga nan yake tura wata 'yar wutar lantarki da ba a ko jin ta, ta hau ta ƙafa ɗaya ta sauko ta ɗayar. Tsoka cike take da ruwa, don haka wutar takan bi ta cikin sauƙi, shi kuwa kitse tare ta yake yi. Abin da sikelin ke aunawa ke nan kawai: yawan tarewar da wutar ta sha. Sauran lambobin da ke fitowa a waya lissafi ne, wanda ya haɗa da tsawo da shekaru da jinsin da kuka rubuta masa. Lissafin kuma ya ginu ne a kan zaton cewa kusan kashi 73 cikin 100 na duk abin da ba kitse ba a jiki ruwa ne. A jikin saurayi lafiyayye zaton bai yi nisa da gaskiya ba. A jikin dattijo mai suga, wanda yau ya sha ruwa sosai gobe fitsari ya kwashe, zaton kan karkace.

Ki gwada ko a kan wani mai irin sikelin: a lokacin azumi ya hau da la'asar, ya sake hawa bayan buɗa-baki, ki ga yadda "kitsen" ya sauya cikin awa uku. Ga kuma faso. Tafin ƙafar dattijon da ya bushe ya tsage da hunturu ba ya karɓar wutar yadda ya kamata. Sannan tunda wutar ta ƙafafu take bi, tumbi, wanda shi ne wurin da kitse ya fi illa, bai cika shiga lissafin yadda ya kamata ba.

Abin da ya kamata ya tayar muku da hankali shi ne rigar nan da ta yi yawa. Ku nemi sikeli na yau da kullum, mai nuna kilo kawai, ku ajiye shi a kan siminti ko tayil, kada a kan darduma. Sau ɗaya a mako, da safe bayan ya zaga kafin karin kumallo, Baba ya hau da kaya marasa nauyi, ku rubuta a littafi. Idan mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida ba da niyya ba, wato kamar daga kilo 60 zuwa 57, lokacin ganin likita ya yi. Ga mai suga, ramewa na iya nufin sugan ya ƙi sauka, tana kuma iya zama tarin fuka ko wata cuta daban. Tunda har ido ya gani, ni ba zan jira wata shidan ba.

Sai ki ari tef a wurin tela. Baba ya zauna, ƙafarsa a ƙasa, ki zagaye sha-raɓarsa a inda ta fi kauri, kada ki matse. Ƙasa da santimita 31 alama ce da masu kula da tsofaffi ke ɗauka cewa tsoka ta zube. Wannan zubewar ta tsufa wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa mata suna sarkofiniya a 1989, kuma ita ce ke sa dattijo ya kasa miƙewa daga tabarma sai an kama shi. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi: ya zauna a kujera, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya miƙe ya zauna sau biyar. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafafu ya ragu. Wani ya tsaya kusa da shi don kada ya faɗi.

Tambaya: Mamanmu tana da ciwon zuciya, ƙafafunta na kumbura. Cikin kwana huɗu ta ƙaru da kilo biyu da rabi, mun yi murna cewa ta fara murmurewa, amma ƙawarta ma'aikaciyar jinya ta ce ba abin murna ba ne. Sikelin kitse zai raba mana gardama? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙawar Mama ce ke da gaskiya, kuma kada ku tsaya neman sikeli, ku kai ta asibiti. Babu mai tara tsoka ko kitse kilo biyu da rabi cikin kwana huɗu. Ruwa ne, lita ɗaya kilo ɗaya. Likitocin zuciya kan gargaɗi majinyata cewa ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 na nufin ruwa yana taruwa. Ka danna yatsa a ƙwaurinta na ɗan lokaci, idan ka ɗaga ka ga rami ya zauna, to ka ga amsar da idonka.

A irin wannan jikin sikelin kitse ya fi kowane lokaci yaudara, domin ruwan da ya taru a ƙafa zai ɗauke shi a matsayin tsoka, ya nuna muku Mama ta ƙara ƙarfi alhali tana ramewa a ƙarƙashin kumburin. Haka abin yake ga mai ciwon ƙoda da ake wa wanki, da mai ciwon hanta da cikinsa ya cika da ruwa. Kuma in an dasa mata na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, masu ƙera waɗannan sikelan da kansu sun hana hawa. Mai juna biyu ma ana ba ta shawarar ta bari.

Don sanin ko tana ramewa, a auna damtsenta, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, domin kumburi bai cika kaiwa can ba. Irin awon da kuka saba gani ne a asibitocin tamowa, da tef mai ja da ɗorawa da kore, sai dai wancan na yara ne, na manya tef na tela ya isa. Nauyinta kuwa kullum da safe za a riƙa dubawa.

Tambaya: Malam, shekarata 29, ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. Tsawona mita 1.75, nauyina kilo 80. Wata manhaja ta ce na yi ƙiba. An ce akwai hoton da ke nuna kitse daidai, in biya in yi? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Manhajar lissafin BMI ta yi maka: nauyi a raba da tsawo sau tsawo, naka ya ba da 26 da ɗoriya, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ne ya fito da dabarar tun ƙarni na 19 don nazarin jama'a da yawa, kuma ba ta san bambancin damtsen ɗan dambe da tumbin mai zaman ofis ba.

Hoton da aka gaya maka DXA ne. Mutum zai kwanta na 'yan mintuna, na'ura ta bi jikinsa da hasken eksire mai rauni iri biyu, ta ware ƙashi da kitse da sauran nama. Yana cikin mafi inganci, ba musu. Amma ba ko'ina ake samunsa ba, yana da tsada, kuma ya fi amfani ga dattijuwar da ake zargin ƙashinta ya rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada. Kai me za ka yi da sakamakon?

Ɗauki tef ka zagaye cikinka tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka haɗiye tumbi ba (na san ana yi). Ƙa'idar ita ce kada ya kai rabin tsawonka, wato a wurinka ƙasa da santimita 87 da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hatsarin ya fara daga 94 ga maza, 80 ga mata. Idan cikinka bai kai rabin tsawonka ba, kuɗin hoton ka sayi ƙwai da wake. Idan kuma son lambobi ya sa sai ka sayi sikelin waya, kai lafiyayye ne, ba zai cutar da kai ba. Ka riƙa hawa a lokaci ɗaya kullum, kafin motsa jiki da kafin cin abinci, kuma ka kwatanta wata da wata, domin lambar rana ɗaya na iya sauyawa saboda kofin ruwa biyu.