Akori-kura ta ƙi hawa tudu: dole sai an sauya inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da akori-kura Hilux mai shan gas, injin 5L, ina jigilar masara daga ƙauyukan Doguwa zuwa Tudun Wada. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take, amma da na doshi hawa, musamman ta wajen Riruwai, sai ƙarfinta ya mutu, in koma giya ɗaya, wani lokaci har yaron mota ya diro da waigi. Bakanikena ya ce injin ya gaji, in je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in sayo inji ɗan Beljiyam. Kuɗin da ke hannuna kuwa na taki ne. In saya ko in dakata? Daga mai karatu a Doguwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka dakata, kar ka taɓa kuɗin takin nan tukuna. Inji yana gajiya, gaskiya ne, amma gajiyarsa ba ta ɓuya. Da safe zai riƙa wahalar tashi, ya riƙa shan baƙin mai, hayaƙinsa ya koma shuɗi-shuɗi, in ka buɗe murfin baƙin mai yana aiki ka ga yana huci sosai. Ko ɗaya ba ka ambata ba.

Fara da kunnenka. In ka taka totur a kan hawa, kukan injin ƙaruwa yake yi ko shaƙewa? In yana ruri amma mota ba ta ƙara gudu, ga kuma ƙauri yana tasowa, to kuloci ne ke zamewa, injin ba shi da laifi. Ka gwada a fili inda ba mutane: ja birkin hannu, sa giya huɗu, ka saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan take, kulocin na da rai. In ya ci gaba da aiki, faifan kulocin ya cinye. Wajen saye, ka haɗa faifan da murfin da ke matse shi da boris ɗinsa gaba ɗaya, tunda sauke giyabos ne babban aikin, kar a sa ka biya kuɗinsa sau biyu. Direban da ke riƙe mota da kuloci a tsakiyar hawa kuma, ka ja masa kunne.

In kuwa shaƙewa yake yi, yana fizga, to yunwa yake ji, kuma nan zatona ya fi karkata. A shimfiɗe mai kaɗan inji ke buƙata, shi ya sa ko filta ta toshe rabi ba za ka gane ba. Hawa da lodi ne ke neman mai da yawa a lokaci guda, a nan asiri ke tonuwa. Mu da muke shan man jarka a ƙauye mun fi kowa gamuwa da wannan, don gas ɗin yakan zo da ruwa da datti. Ruwa ya fi gas nauyi, a ƙasa yake kwanciya. A gindin filtar mai akwai ɗan makunci na roba. Ka kwance shi ka tari abin da ya zubo a farar kwalba, ka ɗaga ta a rana. In ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ko baƙin guggubi, ka samu ɓarawonka. A saman filtar kuma akwai ɗan famfon da ake dannawa da hannu. In ka yi ta danna shi bai yi tauri ba, iska na shiga ta wani tiyo da ya tsage. In ya lotsa ya ƙi dawowa, toshiya ce tsakaninsa da tanki, sai a sauke tankin a wanke. Filta kam ka sayi ta kirki a hannun wanda ka sani, mai arhar nan ita ke barin datti ya wuce ya ci nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji.

Sai filtar iska, wadda ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masussuka ke cikawa. Alamarta baƙin hayaƙi a kan hawa. In ka ɗaga ta haske bai ratsa ba, sauya ta, kuma don Allah kar ka yarda a cire ta a yi tafiya haka, ƙura za ta cinye ringi, wato zoben fistin da ke cikin inji. In an sauya hayaƙin bai daina ba, a kai nozul da injekta, wato famfon da ke tura musu mai, wurin masu gwada su da na'ura.

Abu biyu da ba sa cin ko kwabo: bayan tafiya ka kusantar da hannu ga kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa. Sannan ka ƙirga buhunanka. An ƙera Hilux don kaya wajen tan ɗaya, buhun masara kuma yakan kai kilo 100, ka ga goma ke nan. Injin 5L ba shi da turbo, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. In kana ɗora ashirin har da fasinja a sama, ko sabon inji ka sa haka za ta yi.

In duk an bi waɗannan ba a dace ba, a auna matsin silinda huɗun da ma'auni a gabanka. Sai ya nuna rauni za a yi maganar sauya ringi ko sayen inji. In ta kai ga saye, kar ka yi cinikin biri a sama: a tayar da shi ka ji, a rubuta lambarsa a rasit tare da kwanakin da za ka iya mayarwa.

Tambaya: Malam, ina son sayen akori-kura ta hannu don kai riɗi kasuwar Maigatari. Mai ita ya zagaya da ni cikin gari, ban ji wata matsala ba. In biya? Daga mai karatu a Gumel.

Amsa: Zagayen gari ba gwaji ba ne, ɗan'uwa. Ka je da sassafe kafin a ɗumama ta, a tayar a gabanka. Sannan ku ɗora mata buhuna, tunda ƙasarku ba tudu sosai ku bi hanya mai yashi, abokinka ya biyo ku a babur yana duba launin hayaƙi, kai kuma idonka na kan allurar zafi. In mai ita ya ƙi yarda da wannan, ka nemi wata.