Amsa ga mai tambaya kan binciken wayar hannu a karatun 'yan mata

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi jagora. Na ga tambayarki tun jiya. Kin ce kina digiri na biyu a fannin ilimi, kina son ki binciki yadda 'yan matan sakandare ke amfani da wayar hannu wajen karatu. Malamin da ke duba aikinki ya ce ki ajiye takardar tambayoyi ki yi hira da lura, wato kwalitetif, ke kuma kina tsoron a ce ba bincike kika yi ba tunda babu alƙaluma, sannan ba ki san mutum nawa za ki zauna da su ba.

Ki bi maganar malaminki, gaskiya ya gaya miki. Na daɗe ina shiga makarantu da gidaje a kan irin wannan aiki, kuma abin da na fi gani shi ne takardar tambayoyi tana karɓar "eh" ta wuce, alhali a cikin wannan "eh" ɗin duk labarin yake. Ki tambayi 'yar aji biyar ko tana da waya, za ta ce eh. Ki zauna da ita a tsakar gida bayan la'asar, sai ki gane wayar ta yayanta ce, ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i, kuma idan ya dawo sai ya gama nasa kafin ya miƙo mata, wata rana ma wayar tana shagon mai caji. Wata kuma tata ce ta kanta, amma a ƙasan akwati take kwana, don baban ya rantse budurwa ba ta riƙe waya a gidansa. Duk su biyun a takarda sun shiga layin masu waya. A zahiri ɗaya tana samun ɗan lokaci cikin dare ido na lumshewa, ɗaya tana karatu da fargaba. Wace kwamfuta ce za ta raba miki su in ba ke kika je kika gani ba?

Kuma wannan ba matsalar ƙasarmu ba ce kaɗai. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin raba wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, har ya iso makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta saye su dubbai ɗaruruwa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincike a makarantun karkara 319 na Peru bayan wata 15 da rabon: kwamfutoci sun wadata, amma makin lissafi da na harshe bai motsa ba, sai ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. Alƙaluma sun faɗi cewa abin bai yi ba. Dalilin kuwa sai da wasu suka zauna cikin mutane. Wata mai bincike, Morgan Ames, ta yi watanni a garin Caacupé na Paraguay a 2010, tana shiga aji tana shiga gida. Ta tarar da yawa daga kwamfutocin sun lalace ba gyara, yara da dama ba su damu da su ba, masu amfani da su kuma galibi kiɗa da bidiyo da wasa suke yi. 'Yan kaɗan ɗin da suka koyi wani abin kirki da su, sai ta ga akwai uwa ko uba ko malami a bayansu yana ƙarfafa musu gwiwa. Haka wata mai binciken, Payal Arora, ta je yankin Almora a Indiya duba kwamfutocin da aka kafa a bango don yara su koya da kansu, shirin da Sugata Mitra ya faro a Delhi a 1999, ta same su a yashe. Idan ranar da za ki kare aikinki gaban masu jarrabawa wani ya ce miki hira ba bincike ba ce, ki kawo masa waɗannan.

Ni ma na taɓa shiga wata makaranta da rahoto ya ce an wadata ta da kwamfutocin hannu. Sai da na yi ta zarya, muka saba da mataimakin shugaba, sannan ya buɗe min sito. Ga su nan a kwalayensu, leda ba a ɓare ba, ƙura ta yi musu lulluɓi. Ba mugunta ba ce, ba kuma lalaci ba. An sa shugaban makarantar ya sa hannu cewa duk wadda ta ɓata ko ta fashe a wuyansa take, shi kuwa bawan Allah ya kusa ritaya, ya ga gara ya miƙa su cif yadda aka ba shi. Wannan maganar ba a rubuta ta a fom, sai an yarda da ke ake faɗa miki ita.

To yardar nan ita ce rabin aikinki, don haka bari in daɗe a kanta. Takardar gabatarwa daga sashenku da izinin ma'aikatar ilimi za su buɗe miki ƙofar ofis ne kawai. Ƙofar gida kuwa sai kin bi ta mai unguwa, ko malamar Islamiyya da matan unguwar suka amince da ita. Kasancewarki mace babbar dama ce, kina shiga har ɗakin uwar gida inda namiji zai tsaya a zaure. Ki yi shiga irin tasu, ki gaisa a tsanake, in an kawo ruwa ki sha. Tun a zaman farko ki faɗa ƙarara cewa ke ɗaliba ce, ba tallafi kika kawo ba, ba kuma sunaye kike ɗauka don rabon waya ba. In ba haka ba kowa zai ce miki "wallahi muna amfana sosai", don a zatonsu amsa mai daɗi ita ke jawo rabo.

Batun sa hannu a takardar amincewa ki bi shi a hankali. Mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari da baƙo mai takarda, musamman a Kano inda ba a manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba. Ki karanta musu bayanin da Hausa, ki nemi kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ya yarje miki karɓar amincewa ta baki ga wanda ba ya son sa hannu. Yarinyar da ba ta kai 18 ba sai da izinin iyaye, sannan ita ma ki tambaye ta a keɓe, don "Baba ya ce in yi" ba yarda ba ce. Kuma don Allah abin da yarinya ta gaya miki a asirce, kamar waccan wayar ta ƙasan akwati, kada ya fita ta bakinki ko da wasa. Ki sauya sunaye da unguwa a rubutunki. Sakacin mai bincike yana iya jawo a cire yarinya daga makaranta ɗungurungum, wannan kuwa ba ƙaramin alhaki ba ne.

Tattaunawar rukuni tana da amfani, amma kada ki yarda malami ya zauna a ciki, kada kuma ki bari shugaba ya zaɓo miki 'yan gaban aji. Kunya za ta rufe bakin kowa, shugabar ɗalibai ta yi ta magana da yawun sauran. Ki haɗa ƙawaye huɗu ko biyar da suka saba. Maimakon "me kike yi da waya?", ki ce "ba ni labarin jiya, daga tashi daga makaranta har barci." In ta yarda, ta nuna miki zauren WhatsApp na ajinsu. A nan za ki ga saƙon murya ya fi rubutu yawa, ki ga wa ke tambaya wa ke shiru, ki ga hoton allo da aka ɗauka a gurguje. Ki tambaye su kuma yadda suka yi a 2020 lokacin da korona ta rufe makarantu aka koma darasi a rediyo da talabijin, da yadda yayyensu suka ji ranar da suka fara taɓa kwamfuta a ɗakin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

Yawan mutane kuwa, babu lamba ɗaya da aka yanke. Ana ci gaba ne har sai sabuwar hira ta daina kawo sabon zance. Wasu masu bincike, Guest da Bunce da Johnson, sun gwada wannan a aikin da suka wallafa a 2006 da hirarraki 60 da mata a Gana da Najeriya, suka ga kusan duk manyan jigogin, wato batutuwan da ke ta maimaituwa a hirarrakin, sun fito tun cikin 12 na farko. Sai dai matan nasu masu kama da juna ne. Ke da za ki ji daga ɗalibai da iyaye da malamai, kowane ɓangare ki ba shi nasa kason.

Kowace hira ki rubuta ta a daren da kika yi ta, da Hausar da aka yi ta, har da inda aka yi shiru ko aka yi dariya. Ki yi nazarinki a kan Hausar, sai abin da za ki kafa hujja da shi a kundi ki juya zuwa Turanci. Wajen fitar da jigogi ki bi matakai shida da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006, malamai sun san su. Ba dole sai manhajar nazarin hira irin su NVivo ba, biro kala-kala da littafi sun isa aikin digiri na biyu. Abin da masu jarrabawa za su nema shi ne ki nuna yadda kika tashi daga maganar yarinya kika isa ga jigo, don haka kada ki yar da ko takarda ɗaya.

Idan kin tsara tambayoyin hirar, ki fara gwada su a kan wata ƙanwa a gida, sannan ki turo su nan mu duba miki kafin ki fita.