Ga ƙanenmu da ke tambaya ko ya faɗa wa dattawa

Ƙanena, ka ce kana koyar da yara a makarantar Lahadi, ga shi ka koma shan giya a ɓoye, kuma kana tsoron in ka buɗe baki a sa ka a horo, sunanka ya zaga gari. Na kasa wuce tambayarka, don ni ma na bi ta nan.

Shekara huɗu ina jagorantar mawaƙa a majami'armu a nan Gombe, ina kuma shan burukutu. Ba na sha a unguwa, sai in hau mota in yi hanyar Billiri inda nake zaton ba wanda ya san ni. Ranar koyon waƙa aljihuna ba ya rabuwa da kanumfari, ina taunawa kada a ji wari. Matata ta sani, kunya ta hana ta magana, har ta rame.

Abin da ya daɗe yana rufe mini baki shi ne irin shaidar da muke bayarwa. Kowa ya tashi sai "dā ina kaza, yanzu Ubangiji ya kuɓutar da ni." Ban taɓa jin wanda ya ce "har yanzu ina ciki, ku taimake ni" ba. Alhali Yakubu 5:16, inda aka ce mu furta wa juna laifofinmu, masu bi aka rubuta wa. Bulus ma sau uku yana roƙo Ubangiji ya cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, bai kuma ɓoye wa Korantiyawa ba.

Amma kada ka miƙe gaban taro. Akwai masu cewa "mu sa shi a addu'a" alhali gulma ce za su kai gaba. Nemi dattijo ɗaya mai riƙe sirri. Nawa wani tsohon malamin firamare ne. Na same shi ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa, na amayar da komai. Bai yi mini wa'azi ba. Ya aika a kawo ruwa, ya ce, "Ɗana, tun yaushe kake ɗauke da wannan kai kaɗai?" Nan hawaye suka ɓalle mini.

Ba zan yaudare ka ba, an sa ni a horo: wata shida a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji. Wasu sun daina gaishe ni, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma kowace Lahadi Baba, wato dattijon nan, yakan bar kujerar dattawa ya zo ya zauna kusa da ni. Bayan haka na sake faɗuwa sau biyu, duka biyun na je na gaya masa.

Ajin yaran, ka ajiye shi tukuna. In kuma hannunka yana rawa da safe kafin ka sha, kada ka yanke farat ɗaya ba tare da ganin likita ba, yana iya jawo jijjiga. Ni Baba ne ya raka ni asibiti, ya zauna a layi da ni tun safe har aka kira sunana.