Amsoshin Tambayoyinku: Koyon sarrafa sauti da hoto, me za a fara saya?

*Malam, ni DJ ne a Zariya. Na ga yadda hotuna suke motsi a allo daidai da bugun kiɗa, aka ce da TouchDesigner ake yi. Ban iya rubuta manhaja ba, lissafi ma da kyar na ci a sakandare. Anya zan iya?*

Za ka iya, ƙanena, kwantar da hankalinka. A irin waɗannan manhajoji ba dogon rubutu ake yi ba. Akwatuna ake jerawa a allo, kowanne da aikinsa, sai a ja layi daga wannan zuwa wancan, yadda kake jona waya daga mikisa zuwa amfilifaya. Wanda ya saba haɗa kayan sauti a wurin biki ya riga ya san rabin abin.

Shawarata ka fara da Pure Data, wata manhajar sauti mai irin waɗannan akwatuna. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗaukar ta. Miller Puckette ne ya yi ta, shi ne kuma ya ƙirƙiro wata manhajar irinta mai suna Max a IRCAM, cibiyar binciken kiɗa da sauti da ke Paris, a shekarun 1980. Ranar farko ka buɗe akwatin osc~ 440 mai samar da sautin, ka jona shi da *~ 0.1, daga nan zuwa dac~ mai kai shi lasifika, ka kunna sauti, za ka ji ƙara guda tana fita. Akwatin tsakiyar nan shi ke rage ƙarfi, kada ka tsallake shi, musamman in abin ji yana kunnenka. Duk akwatin da ya ɗaure maka kai, danna shi da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka zaɓi Help, bayaninsa da misali za su fito.

*Tsakanin Max da TouchDesigner, wanne zai kawo min kuɗi cikin wata ɗaya?*

Babu. Wanda ya faɗa maka haka kwas yake son sayar maka. Max ta kamfanin Cycling '74 ta fi ƙarfi a sauti, TouchDesigner ta kamfanin Derivative na Kanada ta fi ƙarfi a hoto. Ka koyi ɗaya tukuna.

*Malam, na ɗauki adashe. Ina so in sayi laftof, da na'urar MIDI mai maɓallai, da katin sauti, da majigi. Mai shagon ya ce zai sa min Max kyauta a ciki. Me zan fara ɗauka?*

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Wannan dai ita ce cutar da nake ta magana a kanta: a tara kaya kafin a san abin da za a yi da su. Kin san wahalar da kika sha wajen zubi, kin kuma san inda dala ta kai farashin kayan nan. Na'urar MIDI ba ta koya wa kowa komai, lambobi kawai take aika wa kwamfuta in an murɗa ko an danna, kuma madannan laftof ɗinki za su yi miki wannan aikin har tsawon watanni. Majigi kuwa, da wace wutar za ki riƙa kunna shi kullum? Ranar da aiki ya zo sai ki ɗauko haya.

Batun "kyautar" mai shago ya fi damuna. Max ta kuɗi ce, abin da zai sa miki fasasshiya ce, wato ta sata. Ban da haƙƙin masu ita, irin waɗannan sukan zo da ƙwayar cuta, ba a iya sabunta su, kuma ranar da suka ga dama suke tsayawa, watakila ana tsakiyar taro, jama'a na kallon allo. Alhali kamfanin da kansa yana ba da gwajin kwana 30. TouchDesigner ma tana da ta kyauta don masu koyo, sai dai girman hotonta bai wuce ɗigo (pixel) 1280 sau 1280 ba, kuma ba a yarda a yi aikin kuɗi da ita ba. In an fara biyan ki, ki sayi lasisi daga kuɗin aikin.

Laftof ce kaɗai zan yarda ki saya yanzu, in ba ki da ita. Nan ma a yi hattara da 'yar gwanjo. Kada ki yarda da takardar da aka manna a jikinta, ana iya manna kowace iri. A kunna ta a gabanki, ki shiga cikinta ki ga sunan katin girafik (abin da ke sarrafa hoto) da yawan RAM (ma'ajiyar da take aiki da ita) da idonki, domin TouchDesigner ba ta tafiya da kyau sai da katin girafik mai ƙarfi. A cire caja ki ga yadda batir yake sauka, ki taɓa ƙasanta ki ji zafi. In mai shagon ya fara cewa yana sauri, ki gode masa ki wuce na gaba. Ki je da wanda ya san kwamfuta, ko da za ki biya masa kuɗin mota.

*Waya kawai nake da ita, ba ni da kwamfuta. In haƙura?*

Kada ka haƙura, ɗana. Akwai manhajar waya mai suna MobMuPlat, wadda take kunna abin da aka haɗa da Pure Data a waya. Haɗawar ce take buƙatar kwamfuta, don haka ka nemi aro wurin aboki ko ɗakin kwamfuta na makarantarku, ka riƙa ajiye aikinka a filas, in ka dawo gida ka gwada a wayar.