Ko tasharmu za ta kai baɗi?

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tun da aka buɗe sabuwar tashar wasanni, ta kuma saye 'yancin watsa wasannin babbar ƙungiyar da muka daɗe muna ɗauka, kowa a ofis sai ƙus-ƙus yake yi. Wasu na cewa sayar da mu za a yi, wasu na cewa kafin kaka ta ƙare an mai da mu tashar kiɗa. Kana son sanin ko za mu kai baɗi, ko kuwa ka fara neman wani wurin tun da sauran lokaci.

Ba zan ce maka babu abin tsoro ba. Tashoshin wasanni suna mutuwa, wasu ma ana tsakiyar shiri ake kashe su. Rasa wasan ranar Asabar kuma da zafi, ni kaina ya taɓa ni ƙwarai. Amma masu ƙus-ƙus ɗin nan sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ke riƙe da tasha irin tamu shi ne safiyar Litinin da yammacin Talata, ranakun da ba a buga komai.

Ɗauki biro ka lissafa. Mako awa 168 ne. Wasan ƙwallon ƙafa, har da sharhin share fage da na bayan tashi, ka ce awa huɗu. Ko sau biyu ƙungiya ta buga a mako, takwas ke nan. Saura 160, kuma a cikinsu ake nemo albashinka da nawa. Ka kuma lura, da zarar alƙalin wasa ya hura usur, minti 45 ba ka da inda za ka tsaya ka saka talla. Sai a hutun rabin lokaci, ko mai sharhi ya ambaci sunan mai ɗaukar nauyi a gurguje lokacin da ƙwallo ta fita. Ga kuɗin 'yancin watsawa, ga na layi, ga tafiyar ma'aikata da masaukinsu. Sau da yawa idan aka tashi lissafi, da ƙyar wasa ke mayar da abin da aka kashe masa. Amfaninsa shi ne yana jawo baƙin kunne, yana sa sunan tasha a bakin mutane. Tsayar da baƙin nan har su zama 'yan gida kuwa aikin shirye-shiryen kullum ne.

Tun farkon sana'ar nan haka abin yake. Tashar farko da ta ɗauki wasanni zalla dare da rana ita ce WFAN ta birnin New York a Amurka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1987. Tun ranar farko tana da wasannin Mets, ƙungiyar besbol ɗin da ta ci kofi a 1986, amma shekararta ta farko asarar miliyoyin daloli ta tafka. Ta cika iska da sakamakon wasannin ko'ina a ƙasar, ta ɗauko masu gabatarwa da ba su san abin da ke ci wa mutanen garin rai ba. A Oktoban 1988 ta koma mita 660 mai dogon zango, ta gaji Don Imus a shirin safe, mutumin da shirinsa ma ba na wasanni ba ne. A Satumban 1989 aka haɗa Mike Francesa da Chris Russo a shirin yamma, 'yan yankin ne su biyun, kullum cikin gardama kamar za su cinye juna. Shekara 19 suka yi tare. A kan waɗannan muryoyi tashar ta miƙe. Haka talkSPORT ta Ingila: ta koma wasanni zalla a Janairun 2000, lokacin da BBC ke riƙe da sharhin gasar Firimiya kai tsaye a rediyon ƙasa, kuma sai a kakar 2007 ta samu nata kason. Duk shekarun nan da me ta rayu? Da irin su Alan Brazil, tsohon ɗan wasan Ipswich, a shirin safe, da layin waya a buɗe ga magoya baya masu son amayar da abin da ke cikinsu.

Kada ka fahimce ni a baibai, sabuwar tasha tana iya kayar da tsohuwa, kuma an gani. A Boston, WEEI ta yi shekaru tana cin karenta babu babbaka a zangon AM. A Agustan 2009 aka buɗe 98.5 The Sports Hub a FM, da wasannin Patriots da Bruins, manyan ƙungiyoyin yankin, a hannunta. Cikin 'yan shekaru ta sha gaba. WEEI ba ta koma FM ba sai a Satumban 2011, a 2013 kuma wasannin Celtics, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, suka bar ta suka koma sabuwar tashar. Mutane sukan ce wasannin ne suka yi aikin. Ni a ganina abin ya fi haka. Sautin sabuwar tashar ya fi fita tas a cikin mota, masu shirin safenta daga tashar kiɗa suka fito da salon magana na matasa, masu shirin yamma kuma ba sa jin nauyin caccakar ƙungiyoyin garin ko da a tasharsu ake watsa wasanninsu. Ita kuwa tsohuwar ta saba da nasara har ta daina sauraron kanta. Duk da haka ka lura, har yau tashoshin biyu suna nan. Garin da ke da zazzafan son wasa yana iya ciyar da biyu. Na uku ne yakan rasa wurin zama.

Waɗanda suka mutu fa, me ya kashe su? A nan nake so ka buɗe kunne sosai. Mighty 1090 ta San Diego tana da masu sauraro masu ƙaunarta. Wasannin Padres, ƙungiyar besbol ta garin, suka bar ta, ƙungiyar Chargers ta tattara ta koma Los Angeles a 2017, ta dai ci gaba da numfashi. Abin da ya datse ta a Afrilun 2019 shi ne na'urar watsa shirye-shiryen da take amfani da ita ba tata ba ce, haya take yi a tsallaken iyaka cikin ƙasar Meziko. Aka samu saɓani kan kuɗin haya, masu na'ura suka cire ta daga iska ana cikin shiri. Ta Vancouver a Kanada ta fi ba ni tausayi. TSN 1040 ta rasa wasannin Canucks, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin, a 2017, suka koma sabuwar abokiyar hamayyarta Sportsnet 650, daidai irin halin da muke ciki yanzu. Ba ta faɗi ba, masu sauraronta suka tsaya mata. Ranar 9 ga Fabrairun 2021 kamfanin Bell Media da ya mallake ta ya kashe ta ana tsakiyar shirin safe, tare da 'yan'uwanta na Winnipeg da Hamilton, aka mai da mitarta ta barkwanci. A wani ofishi mai nisa aka yanke hukuncin, don shirin magana kai tsaye yana cin ma'aikata da yawa, faifan da aka riga aka naɗa kuwa kwamfuta ɗaya ta ishe shi.

To ka ga, wanda ya kamata ka sa wa ido ya fi abokin gogayya kusa da mu. Wa ke da tashar, bashin nawa ke kansa, kuma hasumiyar da muke watsawa daga kanta tamu ce ko ta haya? Kamfanin Audacy, mai WFAN da WEEI, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairun 2024, da bashin kusan dala biliyan 1.9 a wuyansa. Kafinsa wasu manyan kamfanonin rediyo biyu sun yi haka, Cumulus a 2017, iHeartMedia a 2018. Tashoshinsu ba su yi shiru ba. A irin wannan hali ma'aikata ake ragewa, kuma daga ƙasa ake farawa. Shi ya sa tambayarka ta rabu biyu. Tasha tana iya kaiwa baɗi amma kujerarka ba ta kai ba, kuma wannan ne ya fi damuna game da kai.

Idan kana son karanta lafiyar gidan nan, bar sauraron hirar bakin ƙofa, ka je ka buɗe jadawalin talla na gobe a kwamfutar situdiyo. Duba hutun ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da mutane ke kan hanyar aiki, don shi ne mafi tsada. Guraben nan, nawa ne tallan da aka biya, nawa ne sanarwar shirye-shiryenmu da muke cike giɓi da ita? Sannan bi sunayen da yatsa. Waɗanda ke nan bara suna nan? Na wata shida suka sa hannu, ko mako-mako suke sabuntawa kamar masu shirin gudu? Mafi muhimmanci, nemi tallan da aka rubuta a gefensa cewa mai gabatarwa ne zai karanta da bakinsa kai tsaye. Wannan ya fi faifai tsada, kuma mai kaya ba ya biyansa sai ya tabbata jama'a sun amince da wannan muryar. Na duba namu. Na ranar wasa sun bi ƙungiya sun tafi, dama haka za a yi. Na safe da na yamma ba su motsa ba.

Akwai abu ɗaya a jadawalin da ba ya yi mini daɗi, kamfanonin caca sun yi yawa. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a Mayun 2018, kuɗinsu ya malale tashoshin wasanni na can, a wasu ƙasashen ma ya daɗe da shiga. Kuɗi ne mai zuwa da sauri, mai kuma iya ɗaukewa dare ɗaya. Italiya ta kafa dokar hana tallan caca a 2018, ƙungiyoyin Firimiya kuma sun amince a 2023 su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Ban da wannan, ina ganin yadda yake ɓata shiri. Mai sharhi ya bar bayanin dalilin da ya sa tsakiyar fili ta ruguje, ya koma karanta wa yaran mutane lambobin da za su zuba kuɗinsu. Tashar da ta jingina rabin cikinta a kan wannan ba na ce mata lafiyayya.

Ga hasashena, tunda shi ka nema. Ban ga alamar za a rufe mu bana ba. Abin da na fi zato shi ne a yanke shirye-shiryenmu na dare da wasu na ƙarshen mako, a cike wurin da shirin da ake sayowa daga waje a arha. Ranar da zan tsorata da gaske ita ce ranar da aka ce kwantiragin masu shirin safe ya ƙare ba a sabunta ba, ko sabuwar tashar ta yi musu tayin da shugabanninmu suka kasa tarewa. Su ma can suna da nasu nauyin. Sun sayi wasannin da tsada, dole su mayar da kuɗin, kuma yanzu su ne abokan hulɗar ƙungiya. Ranar da koci ya yi shirme, sai sun tauna kafin su furta. Mu kuwa bakinmu ya saku. Ban ce mu koma zagi ba, wanda ya fara zagi a iska ya gama da mutuncinsa. Amma gaskiyar da magoya baya ke faɗa wa juna a hanyar fita daga filin wasa, yanzu muna iya faɗinta da hujja.

Kai kuma kada ka tafi tukuna. Sabuwar tasha tana ɗaukar mutane da yawa a farko, idan lissafi ya fara cizo ta sallami na baya-bayan nan. Zauna ka tara abin da ba a iya ƙwace maka. Masu gabatarwar Vancouver ɗin nan da aka kashe musu makirufo, irin su Matt Sekeres da Blake Price, sun buɗe nasu shirin a intanet, jama'a suka bi su can, domin mutanen ake saurare, mita hanya ce kawai. Koyi tuƙa teburin sauti har ka iya riƙe shiri kai kaɗai idan injiniya bai zo ba. Koyi yanka murya cikin minti biyar ka tura ta waya, don rabin masu jin mu yanzu ba su da akwatin rediyo. Ka riƙa zuwa filin atisaye a ranakun da babu ɗan jarida ko ɗaya, ka gaisa da mai kula da kayan 'yan wasa da mai duba lafiyarsu, ka san kocin matasa da sunansa. Sakamakon wasa kowa na gani a wayarsa kafin mu buɗe baki. Dalilin da ya sa aka ajiye ɗan wasa a benci kuwa, sai wanda ya je ya tsaya a rana yake da shi.

Asabar ɗin nan ba mu da wasan, amma muna da abin da ke biyo bayansa. Da usur na ƙarshe ya tashi za mu buɗe layukan waya, lokacin su can suna kan tallace-tallace da hirar koci. Kai zan ɗora a kan tace masu kira. Kada ka tambayi mutum abin da yake son faɗa, zai ba ka labari tun daga farkon kaka. Ce masa ya faɗa maka maganarsa a jimla ɗaya. In ya iya, rubuta sunansa da jimlar a allo, ka sa ya rage ƙarar rediyonsa don kada ta yi kuwwa. Wanda ke kira kullum ya jira, sabon murya ya fara shiga, musamman mace ko yaro ko wanda ke fitowa daga filin ana jin hayaniya a bayansa. Idan uku a jere sun ce a kori koci, nemo mini na huɗu da ke cewa a bar shi, ka tura shi gaba. Ka iso awa biyu kafin a take wasa, mu gwada layukan tare.